Ranar haihuwar Cheryl: yadda "ban sani ba" take zama bayani a wasa ƙwaƙwalwa

A watan Afrilun 2015 wata tambayar jarabawa ta fito daga Singafo ta zagaye duniya cikin 'yan kwanaki kaɗan, manya masu digiri da malaman lissafi suna ta musu a kanta a Facebook da Twitter har manyan kafafen labarai irinsu BBC da Guardian suka ɗauka. Wani mai gabatar da shiri a talabijin ɗin ƙasar, Kenneth Kong, shine ya ɗora hotonta a Facebook ranar 10 ga wata, kuma da farko labari ya bazu cewa wai tambayar 'yan aji biyar na firamare ce, abinda ya ƙara tada hankalin mutane kenan, kowa yana cewa yanzu yaro ɗan firamare zai iya abinda ni na kasa? Daga baya masu shirya gasar lissafin, wato SASMO, suka fito suka ce a'a, ta 'yan sakandire ce masu shekara 14 zuwa 15, kuma an sa ta ne musamman dan a tace gwanaye daga cikin ɗalibai.

Abinda yasa nake son tambayar nan shine babu lissafi a cikinta ko kaɗan. Ba tarawa, ba ɗebewa, ba sau. Duk wanda ya iya karatu zai iya warware ta, in dai zai zauna ya bi magana a tsanake. Ga yadda take.

Albert da Bernard sun yi sabuwar ƙawa mai suna Cheryl, suna so su san ranar haihuwarta. Sai ta basu ranaku goma tace ɗaya daga ciki ce:

Mayu 15, Mayu 16, Mayu 19
Yuni 17, Yuni 18
Yuli 14, Yuli 16
Agusta 14, Agusta 15, Agusta 17

Sai ta raɗa wa Albert watan kaɗai, ta raɗa wa Bernard kwanan watan kaɗai, wato lambar ranar. Kowa ya san abinda aka faɗa wa ɗan uwansa iri kaza ne amma bai ji shi ba. Sai suka yi magana uku. Albert yace: ban san ranar haihuwar Cheryl ba, amma na san Bernard ma bai sani ba. Bernard yace: da farko ban sani ba, amma yanzu na sani. Albert yace: to ni ma yanzu na sani. Tambaya, yaushe aka haifi Cheryl?

Mafi yawan mutane in suka karanta sai suji kamar rainin hankali ne, mutum biyu sun ce basu sani ba, babu wanda ya ƙara musu komai, sai kuma kawai su ce sun sani. Daga ina sanin ya zo? Ai nan ne duk abin yake. An ƙara musu wani abu, maganar junansu. Kuma kafin mu fara sai an yarda da sharaɗi ɗaya da irin waɗannan tambayoyi suke tafiya a kai ko ba a rubuta ba, cewa mutanen ciki basa ƙarya, basa kirdado, kuma duk abinda za a iya ganowa daga bayanin da ke hannunsu to sun gano shi.

Mu fara da shiga rigar Bernard. Shi lamba aka bashi, ko 14 ko 15 ko 16 ko 17 ko 18 ko 19. Duba jerin da kyau. 14 ta fito sau biyu, Yuli da Agusta. 15 sau biyu, Mayu da Agusta. 16 sau biyu, 17 sau biyu. Amma 18 sau ɗaya ta fito, a Yuni, 19 ma sau ɗaya, a Mayu. Kenan da Cheryl ta raɗa masa 18 ko 19 da shikenan magana ta ƙare, nan take zai san watan ba sai ya jira kowa ba.

Yanzu koma wajen Albert, kuma dan Allah a nan a rage gudu domin nan ne jama'a suke zamewa. Albert bai ce "ina jin Bernard bai sani ba" ba. Cewa yayi ya SAN bai sani ba. Shi kuma abu ɗaya ne a hannunsa, sunan wata. To wane wata ne zai ba mutum wannan tabbacin? Ka ɗauka Mayu aka faɗa masa. Zai duba yaga Mayu tana da 15, 16, 19, sai yace a ransa, kai, zai iya yiwuwa 19 ce, in kuwa 19 ce to Bernard ya riga ya sani, dan haka bazan iya rantsuwa cewa bai sani ba. Haka in Yuni ce, akwai 18 a ciki, bazai iya bugun ƙirji ba. Tunda kuwa ya bugi ƙirji ya faɗa, to watan da ke hannunsa wata ne da babu 18 babu 19 a cikinsa. Mayu ta fita gaba ɗayanta, Yuni ta fita gaba ɗayanta. Ba wai Mayu 19 da Yuni 18 kaɗai ba, har Mayu 15 da Mayu 16 da Yuni 17 duk sun tafi, ranaku biyar a magana ɗaya.

Saura Yuli 14, Yuli 16, Agusta 14, Agusta 15, Agusta 17.

Bernard yana ji, kuma yayi irin tunanin da muka yi yanzun nan, ya soke Mayu da Yuni a ransa, sai yace yanzu na sani. In da 14 ce a hannunsa da har yanzu yana tsakanin Yuli da Agusta, bazai ce ya sani ba. Dan haka 14 ta fita duka biyun. Saura uku, Yuli 16, Agusta 15, Agusta 17. Lura fa, mu masu kallo har yanzu bamu san wacce bace, domin ko 15 ce ko 16 ko 17 Bernard zai iya cewa ya sani. Shi ya sani, mu bamu sani ba, kuma wannan ba matsala bace.

Sai Albert yace shi ma ya gane. In Agusta ce a hannunsa to yana da guda biyu a gabansa, 15 da 17, babu yadda zai zaɓa. Tunda yace ya sani to watansa guda ɗaya ce ta rage a ciki. Yuli kenan. Amsa, 16 ga Yuli, kuma ita ce amsar da masu gasar suka fitar.

Kaga babu inda muka nemo amsa kai tsaye. Tun daga farko har ƙarshe aikinmu ɗaya ne, cire abinda bazai yiwu ba. Kamar mai tsintar wake ne a faranti, ba waken kirki take bi tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya ba, tsakuwa da ruɓaɓɓe take fitarwa, abinda ya rage shine na tukunya. Bambancin kawai shine a nan baka da ikon cire komai sai ka iya faɗin dalilin da ya tilasta maka cire shi. "Bai yi min kama da amsa ba" ba dalili bane.

To amma akwai wasu mutane da yawa da suka dage a lokacin cewa amsar 17 ga Agusta ce, kuma gaskiya bai kamata a yi musu dariya ba domin hanyarsu tana da tsari, kuma fahimtar inda suka rabu da sauran ta fi sanin amsar kanta amfani. Su yadda suka ɗauki maganar Albert ta farko shine, ya san Bernard bai sani ba ne saboda ya gani, ko dai Cheryl ta faɗa masa ko ya kalli Bernard yaga yayi shiru yana zare ido. In haka ne to abinda zai fita Mayu 19 da Yuni 18 ne kawai. Sai suka ci gaba, yanzu Yuni saura 17 kaɗai a cikinta, da Yuni aka faɗa wa Albert da ya sani, tunda yace bai sani ba to Yuni 17 ta fita. Da ta fita sai 17 ta zama guda ɗaya tal a jerin, ta Agusta, sauran lambobin kuwa duk bibbiyu suke, dan haka Bernard da yace yanzu ya sani dole 17 ce a hannunsa. Agusta 17.

Kowane mataki a nan daidai yake in ka yarda da mafarin. Matsalar mafarin ce. Sun shigo da wani abu da tambayar bata faɗa ba, cewa Albert ya samu labarin halin da Bernard yake ciki daga waje. Tambayar abinda tace an ba Albert wata ne, shikenan, dan haka duk wani sani da zai yi iƙirari dole daga watan ya ciro shi. Ni a ganina wannan shine babban darasin tambayar, mutum zai iya jera hujja tsaf babu kuskure ko ɗaya a tsakiya kuma ya sauka a wurin da ba daidai ba, saboda ya ɗora ginin akan abinda shi ya ƙara da kansa bai ma lura ya ƙara ba. Shi yasa in kana warware irin wannan, bayan ka tambayi kanka me aka faɗa min, sai ka ƙara da me nake ɗauka an faɗa min alhali ba a faɗa ba.

Wannan salon tunani ba sabo bane. Tun zamanin Aristotle a Girka aka tsara shi, malaman Musulunci suka fassara suka faɗaɗa, shine ilimin manɗiƙi da har yau ake karantawa a zaurukanmu. Asalinsa magana ɗaya ce, in gabatarwar da ka fara da ita gaskiya ce kuma ka bi ƙa'ida, to sakamakon bazai taɓa zama ƙarya ba. Ya bambanta da irin tunanin da muke yi kullum na hadari ya haɗo daga gabas yau za a yi ruwa, wannan zato ne mai ƙarfi, yawanci ya kan faɗa daidai amma wata rana iska ta watsa hadarin. A wasa ƙwaƙwalwa irin na Cheryl ba a karɓar "yawanci".

Akwai wata shahararriyar tambaya kuma da take yawo a guruf-guruf na WhatsApp, wadda ake cewa wai Einstein ne ya ƙirƙira yana yaro kuma wai kashi 2 cikin 100 na mutanen duniya ne kaɗai zasu iya. Babu wata hujja akan ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu, hasali ma akwai sunan taba sigari a cikin tambayar, Kools, wadda babu ita lokacin yarintar Einstein. Inda aka san ta fito a buge shine mujallar Life International ta 17 ga Disamba 1962. Gidaje biyar ne a jere, kowane da launinsa, kowane da mutumin wata ƙasa a ciki, da abin shansa, da tabarsa, da dabbar da yake kiwo, an bada bayanai 15, sannan aka ce waye yake shan ruwa, waye mai jakin dawa?

Abinda yake korar mutane daga wannan ba wahala bace, yawa ne. Mutum yana so ya riƙe abu 25 a kansa lokaci ɗaya, kai kuwa bazai ɗauka ba. Ɗauko takarda da biro ka zana gida biyar a jere da layi biyar a ƙarƙashi. Sannan kar ka bi bayanan a jere daga na ɗaya, nemo waɗanda suka kafa abu a wuri guda babu wataƙila. Guda biyu ne, ana shan madara a gidan tsakiya, kuma ɗan Norwe yana gidan farko. Rubuta su. Sai ka nemi wanda ya jingina da su, an ce ɗan Norwe yana maƙwabtaka da shuɗin gida, shi kuma yana farkon layi maƙwabcinsa ɗaya ne, dan haka gida na biyu shuɗi ne. To gidan farko wane launi? Ba shuɗi bane. Ba ja bane domin an ce ɗan Ingila ne a jan gida. An kuma ce koren gida yana dama da gida mai launin hauren giwa, manne da shi, kenan gidan farko bazai zama kore ba tunda babu gida a hagunsa, bazai zama mai launin hauren giwa ba tunda na kusa da shi shuɗi ne ba kore ba. Saura ruwan ɗorawa. An ce a gida mai ruwan ɗorawa ake shan Kools, to ɗan Norwe ne mai Kools. Me yake sha? Shayi na ɗan Yukren ne, kofi a koren gida ake sha, madara a tsakiya, ruwan lemo kuma an ce na mai shan Lucky Strike ne shi kuwa Kools yake sha. Ruwa ya rage. Rabin tambayar ya tafi kenan kuma bamu yi kirdado ko sau ɗaya ba.

Sauran rabin yana da wurin da zaka tsaya cak, babu abinda ya tilasta kai tsaye, sai abu biyu da kowanne zai iya yiwuwa. A nan ne ake yin abinda mutane suke ɗauka caca ce alhali ba ita bace. Zaka ce bari in ƙaddara na farko ne, ka rubuta da fensir a gefe, ka bi shi har inda zai kai ka. In ya kai ka ga karo, misali mutum ɗaya ya zama yana gida biyu ko gida ya rasa abin sha, to ka tabbatar ƙaddarawar ƙarya ce, ka goge ka ɗauki ɗayan da yaƙini. Bambancinsa da caca shine mai caca in ya ga abu yana tafiya sai ya manta cewa ƙaddarawa yayi, shi kuwa mai bin hujja yana riƙe da alamar inda ya fara "a ce". In ka bi ta haka zaka samu ɗan Japan ne mai jakin dawa. Masu buga Sudoku, wato wasan nan na cike guraben lambobi, sun san wannan yanayi sarai, kuma Sudoku da aka tsara da kyau amsa ɗaya take da ita, har ma a 2012 wani masanin lissafi a Dublin, Gary McGuire, da abokan aikinsa suka nuna da kwamfuta cewa in lambobin da aka bayar basu kai 17 ba to amsar bazata zama guda ɗaya ba.

To in abin haka yake a fili, me yasa yake bamu wuya? Ni bana yarda da cewa rashin ƙwaƙwalwa ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya fito da wani gwaji a shekarun 1960 da ya nuna inda gizo yake saƙar. An ajiye kati huɗu a tebur, kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Abinda kake gani shine D, K, 3, 7. Aka ce ga doka, duk katin da yake da D to akwai 3 a bayansa. Waɗanne kati ne dole ka juya dan ka tabbatar ko an karya dokar? Tsaya ka zaɓa kafin ka wuce.

Yawancin mutane D da 3 suke cewa, ko D kaɗai. Amsar D da 7 ce, kuma a gwaje-gwajen farko waɗanda suka dace basu wuce kamar mutum ɗaya cikin goma ba, alhali ɗaliban jami'a ne. D dole a juya, kowa ya yarda. K babu ruwan doka da ita. Amma 3 fa? In ka juya ka ga D, lafiya, in ka ga K, lafiya, domin dokar bata ce 3 ta D ce ita kaɗai ba. Kenan juya 3 bazai taɓa nuna maka an karya doka ba, ɓata lokaci ne. Ita kuwa 7 da kowa ya tsallake, in ka juya ka ga D a bayanta dokar ta rushe nan take.

Yanzu canza kayan ka bar tsarin. Doka, duk wanda yake tuƙi sai yana da lasisi. Ga mutum huɗu, na farko yana tuƙi, na biyu fasinja ne, na uku ka san yana da lasisi, na huɗu ka san bashi da shi. Wa zaka bincika? Ko yaro zai ce mai tuƙin nan a ga lasisinsa, shi kuma marar lasisin a duba ko tuƙi yake. Babu wanda zai tsaya tambayar mai lasisi ko yana tuƙi. Tambaya ɗaya ce sak da ta katin. Masu bincike biyu a Amurka, Griggs da Cox, sun gwada irin haka a 1982 da dokar shekarun shan giya, sai gashi mafi yawan mutane sun amsa daidai. Kenan kayan aikin yana kanmu, in ana maganar kama mai karya doka yana tashi da kansa, amma in aka koma harafi da lamba sai mu koma neman abinda zai gaskata maganar maimakon abinda zai ƙaryata ta. Wannan halin shine yake sa mutum ya samu amsar da ta dace da bayani uku cikin biyar ya miƙe yana murna, bai koma ya gwada ta da sauran biyun ba. Masu cewa Agusta 17 ma da yawansu sun tsaya ne da suka ga hanyarsu ta kai ga amsa ɗaya, jin daɗin isowa ya hana su komawa su duba mafari.

Wanda yayi karatun usulul fiƙhi zai ga duk wannan ya saba da shi, domin akwai hanyar da malamai suke bi wajen gano illar hukunci, wato dalilin da yasa aka yi hukuncin, ana kiranta sabru wat taƙsim, a jero duk siffofin da zasu iya zama dalili sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana soke wanda bai tsaya ba. Misalin da aka fi kawowa shine haramcin riba a musayar alkama, shin dan ana aunawa ne, ko dan abinci ce, ko dan abinci ce da ake rayuwa a kai kuma ana iya ajiye ta? Hanafawa suka tafi akan awo, Shafi'awa akan kasancewarta abinci, Malikawa akan abincin da ake dogaro da shi kuma yake ajiyuwa. Manyan malamai ne, hanya ɗaya suka bi, amma basu sauka wuri ɗaya ba, kuma wannan yana nuna mana iyakar abin. Cirewa tana kai ka ga yaƙini ne kawai in abu biyu sun cika, jerin da ka fara da shi ya game komai, kuma dalilin da kake sokewa da shi yankakke ne. Su kansu malaman usulu sun yi wannan bayani, sun raba tsakanin wanda yake kaiwa ga yaƙini da wanda yake tsayawa a zato mai rinjaye.

A tambayar Cheryl an rufe mana ƙofa, ranaku goma ne babu ta sha ɗaya, kuma an lamunce mana babu mai ƙarya. A rayuwa babu mai baka wannan lamuni. Kuɗi ya ɓata a shago, mai shago yace mu uku ne a nan, ba ni bane, wane kuma yana masallaci lokacin, dan haka yaron nan ne. Tsarin maganar daidai yake da na Albert, amma wa yace mutum uku ne kaɗai hanyar ɓatan kuɗi? Ba a sa kuskuren canji a jerin ba, ba a sa wanda ya leƙo ya fita ba, ba a sa cewa tun farko ba a ƙirga daidai ba. Wallahi an zalunci bayin Allah da yawa da irin wannan hujja mai kama da ta masu hankali, kuma abin yana damuna domin mai yin ta yana jin kansa akan gaskiya ɗari bisa ɗari. Wanda ya saba da wasa ƙwaƙwalwa da gaske ya kamata ya fi kowa saurin tambayar shin jerin nan ya cika kuwa, tunda ya san duk ƙarfin hujjar a nan ya rataya. Shi yasa nake ganin iyaye da malaman makaranta su riƙa ba yara irin waɗannan, ko da ta mutumin nan ce mai kura da akuya da damin harawa a bakin kogi da muka taso muna ji, amma kar a tsaya a "waye ya faɗi amsa", a riƙa cewa yaro faɗa min me yasa ba kura za a fara tsallakarwa ba. In yace dan in an tafi da kura akuya zata cinye harawa, in an tafi da harawa kura zata cinye akuya, dan haka dole akuya ce farko, to ya kama hanya, kuma wannan amsar ta fi ta wanda ya haddace tsallakawa bakwai ɗin bai san dalili ba.

Mai son wadda ta fi ta Cheryl zafi ya nemi ta Hans Freudenthal, masanin lissafi a Holan, wadda ya buga a 1969, inda aka ba mutum ɗaya jimillar lambobi biyu aka ba ɗayan sakamakon ninka su, suka yi irin wannan zance na ban sani ba, na san baka sani ba, har amsa ta fito 4 da 13. Wannan kam tana cin takarda sosai. Ga wata ƙarama da za a iya yi a zaune a majalisa. Huluna biyar ne, uku ja biyu farare, kowa ya gansu. Aka jera mutum uku a layi suna kallon gaba, aka sa wa kowa ɗaya ba tare da ya ga tasa ba, aka ɓoye sauran biyun. Na baya yana ganin hulunan mutum biyu na gabansa, na tsakiya yana ganin ta na gaba kaɗai, na gaba baya ganin ta kowa. Aka tambayi na baya launin hularsa yace ban sani ba. Aka tambayi na tsakiya yace ban sani ba. Aka tambayi na gaba wanda bango kawai yake kallo, yace na sani, kuma ya faɗa daidai. Ku fara da tambayar me na baya zai gani da zai sa ya sani nan take, ku soke shi, sannan ku shiga rigar na tsakiya ku duba wace hula ce in ya gani a kan na gaba zata bashi amsa. Wane launi ne a kan na gaba?